Yadda za ka gane kason da ke wuyanka a inshorar tafiya kafin ka biya kuɗi

Ofishin jakadanci ne ke sa mafi yawanmu sayen inshorar tafiya. Wanda zai nemi bizar ƙasashen Schengen na Turai, alal misali, dole ne ya gabatar da takardar inshorar lafiya wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000 na jinyar gaggawa da kwanciya a asibiti da mayar da shi gida idan ciwo ya tsananta ko ajali ya riske shi a can. Wakilin tafiye-tafiye yakan haɗa takardar da tikiti da shaidar masauki, matafiyi ya biya kuɗin a dunƙule, ya zura ta a jaka ba tare da ya karanta ko layi guda ba. Sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a baƙuwar ƙasa, ko akwatinsa ya yi ɓatan dabo tsakanin Addis Ababa da Guangzhou, sannan ya tarar cewa kamfanin ba zai biya dukan asarar ba, saboda akwai wani kaso da yarjejeniyar ta ɗora a wuyansa tun ranar da ya saye ta.

Wannan kaso shi ne adadin kuɗin da mai inshora ya amince zai ɗauka da kansa daga asarar da ta same shi kafin kamfani ya ɗauki ragowar. Tun da yake ba da Hausa ake rubuta waɗannan takardu ba, ya kamata ka san kalmar da za ka nema da idonka. Kamfanonin Najeriya da Gana da Birtaniya galibi excess suke rubutawa, na Amurka kuwa deductible. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda takardar take zuwa da Faransanci, za ka ga franchise, yayin da takardun Larabci na Saudiyya da maƙwabtanta suke kiransa tahammul. A nan zan riƙa ce masa kason matafiyi. Alƙaluman da ke cikin misalan da zan kawo kuma ni na tsara su don sauƙaƙa lissafi, ba farashin wani kamfani ba ne.

A ce kasonka Dalar Amurka 100 ne. Idan asibiti ya caje ka Dala 380, kamfani zai biya 280. Idan kuɗin ya kai Dala 9,000, zai biya 8,900. Idan kuwa ganin likita da magani duka Dala 80 suka ci, ba ka da abin karɓa ko sisi, duk da cewa takardarka tana aiki kuma ciwon yana cikin abubuwan da aka ɗauki nauyinsu. Daga nan za a fahimci cewa kason ba ya yi wa babbar asara illa sosai, ƙananan asarori ne yake shafewa gaba ɗaya, alhali su ne suka fi aukuwa a hanya.

Kamfanoni suna da dalilan da ba za a raina ba. Bin diddigin buƙatar diyya ta Dala 20 yana cin lokacin ma'aikata kusan daidai da bin ta Dala 2,000, domin a kowacce sai an duba rasit, an tabbatar da rahoto, an tura kuɗi banki, kuma da za a biya kowace ƙaramar asara da kuɗin sayen inshora ya hau kan kowa da kowa. Dalili na biyu ya shafi halin ɗan Adam, wato wanda ya san cewa wani ɓangare na asarar daga aljihunsa zai fito yakan fi sa ido a kan jakarsa a tasha. Ko a tsarin takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ana samun irin wannan kaso, sai dai a can hujjar ita ce kare asusun da mahalarta suka tara ta hanyar gudummawa kada ƙananan buƙatu su cinye shi. Saboda haka wanda ya zaɓi takaful don kauce wa shubuha shi ma sai ya karanta jadawalinsa kamar kowa.

Inda za ka same shi a cikin takarda

Abin da wakili yake miƙa wa matafiyi yawanci shafi ɗaya ne, wato takardar shaida mai ɗauke da suna da lambar fasfo da ranakun tafiya da babban adadin da ofishin jakadanci yake son gani. Cikakkiyar yarjejeniyar daban take, takan kai shafuka masu yawa, kuma haƙƙinka ne a ba ka ita kafin ka biya. Ka roƙi a turo maka ita ta imel ko ta WhatsApp, ka buɗe jadawalin da ke farkonta, inda aka jera sassan inshorar ɗaya bayan ɗaya: jinya, soke tafiya kafin tashi, katse tafiya a tsakiya, ɓatan kaya, satar kuɗi, ɓatan fasfo, jinkirin jirgi, da ɓarnar da matafiyi zai iya yi wa dukiyar wani. A gaban kowane sashe akwai lambobi biyu. Ta farko ita ce iyakar abin da kamfani zai iya biya, ta biyu kuma ita ce kason matafiyi a wannan sashe. Idon mai saye yakan tsaya a kan ta farko saboda girmanta, amma ta biyun ce za ta fi shafar aljihunsa.

Bayan jadawalin sai ka nemi shafin ma'anar kalmomi, ka karanta yadda kamfanin ya fassara kason. Jimla guda ce ko biyu, amma a cikinta ne ake bayyana ko ana cire shi sau ɗaya a kowane al'amari, ko daga kowane mutum, ko daga kowane sashe, ko duka ukun a haɗe.

Yadda kaso ɗaya ke zama uku

A ce wata 'yar kasuwa daga Kano ta je saro tufafi a unguwar Laleli ta Istanbul, aka fizge jakarta ta hannu. A cikin jakar akwai waya da ta saya Dala 300, da tsabar kuɗi Dala 200, da fasfo. Samun takardar tafiya ta gaggawa, haɗe da kuɗin mota zuwa Ankara inda ofishin jakadancin Najeriya yake, ya ci mata Dala 120. Asararta ke nan Dala 620, kuma takardarta ta ce kasonta Dala 75 ne. A ranta za ta lissafa cewa Dala 545 za a ba ta.

Ga yadda ma'aikacin kamfani zai yi nasa lissafin. Wayar ta shekara ana amfani da ita, don haka zai rage darajarta saboda tsufa, a ce zuwa Dala 210. Sashen tsabar kuɗi yana da iyakar Dala 150, saboda haka sauran hamsin ɗin sun tafi. Sannan, da yake yarjejeniyar ta ce ana cire kaso daga kowane sashe, kuma waya da kuɗi da fasfo sassa uku ne mabambanta, zai cire Dala 75 har sau uku. Daga waya za ta samu 135, daga kuɗi 75, daga fasfo 45, jimla Dala 255 daga asarar Dala 620. Da a ce yarjejeniyarta ta tanadi cire kaso sau ɗaya a kan al'amari ɗaya, da Dala 405 za ta karɓa. Ɓarawo ɗaya ne, jaka ɗaya ce, amma bambancin kalmomi kaɗan a shafin ma'anoni ya raba ta da Dala 150.

Akwai wani ƙaramin batu a cikin wannan misali da masu saye ba safai suke lura da shi ba, wato wanne ake fara yi tsakanin cire kaso da aiki da iyaka. A lissafin da ya gabata an fara saukar da Dala 200 zuwa iyakar 150, sannan aka cire 75, ya rage 75. Wasu kamfanoni kuwa daga ainihin asarar suke fara cirewa, wato 200 a debe 75 ya rage 125, kuma tun da 125 bai kai iyakar ba sai su biya shi duka. Idan yarjejeniyar ba ta fayyace wannan ba, ka tambaya a rubuce, ka adana amsar.

Haka lamarin yake ga iyali. Magidanci ya sayi takarda guda wadda ta haɗa shi da matarsa da 'ya'ya uku, sai rasuwa ta auku a gida ana saura kwana biyu tashi, aka soke tafiyar. Idan kason Dala 50 ne ga kowane mutum, Dala 250 za a cire daga kuɗin tikitin da ba a iya dawo da su ba, ko da yake dalilin sokewar guda ne. Wasu takardun iyali suna sa iyaka, su ce ba za a cire fiye da kaso biyu a al'amari ɗaya ba, wasu kuma ba sa cire komai daga ƙananan yara. A ganina mai tafiya da iyali ya fi buƙatar neman wannan sharaɗi a kan neman ragin 'yan kuɗi a farashin saye.

Ba kowane kaso ne yake zuwa a matsayin tsayayyen adadi ba. Masu takardun Faransanci za su iya cin karo da iri biyu. A franchise absolue ana cire adadin daga kowace diyya kamar yadda muka gani. A franchise relative kuwa adadin wani mataki ne kawai: asarar da ba ta haye shi ba ba a biyanta, wadda ta haye shi kuma ana biyanta dukanta. Idan matakin Yuro 50 ne kuma asarar Yuro 70 ce, iri na farko zai ba ka 20, na biyu ya ba ka 70. Takardun da aka tsara bisa salon Amurka kuma sukan ƙara wani abu a kan kason, wato bayan an cire shi sai matafiyi ya sake ɗaukar wani ɓangare cikin ɗari na abin da ya rage. Kuɗin asibiti Dala 5,250 da kason Dala 250 da sharaɗin ɗaukar kashi 20 cikin ɗari yana nufin Dala 1,250 ne za su fita daga hannunka, saboda haka sai ka duba ko an sa wa wannan ɓangare iyakar da ba zai wuce ba. Akwai kuma kason da ake aunawa da lokaci, kamar a ce ba a biyan komai a kan jinkirin jirgi ko jinkirin isowar kaya sai an shafe awa shida ko sha biyu. Irin waɗannan sassa, tare da ɗan kuɗin da ake ba wanda aka kwantar a asibiti na kowane dare, galibi ba a cire musu kason kuɗi, jiran ne ya tsaya a madadinsa.

Da kuɗin wace ƙasa aka rubuta shi

Matafiyi yakan biya kuɗin inshora da Naira ko sefa, amma kason da Dala ko Yuro aka rubuta shi. Ga mutumin Yamai ko Maraɗi ko Garwa lissafin mai sauƙi ne idan da Yuro aka rubuta, domin sefa tana ɗaure da Yuro a kan 655.957, wato kason Yuro 100 sefa 65,596 ne yau da gobe. Ga ɗan Najeriya ba haka abin yake ba. Tun da Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023 darajar Naira ta faɗi ƙwarai, kuma kason Dala 100 da ake gani kamar ba komai ba a da ya zama kuɗin da za a ji fitarsa. Ka mayar da adadin zuwa Naira da canjin ranar da kake saye, don ka ga ainihin nauyinsa. Idan kuma kamfanin da Naira yake biyan diyya, ka tambayi canjin wace rana yake amfani da shi, ta ranar da ka biya asibiti ko ta ranar da zai turo maka kuɗin, tun da tsakaninsu ana iya samun makonni.

Wasu bizoji ma sun taƙaita girman kason da doka. Ɗalibai da malaman da ke shiga Amurka da bizar musaya ta J-1 dole ne inshorarsu ta ɗauki aƙalla Dala 100,000 a kowane ciwo ko hatsari, da Dala 50,000 na ɗaukar majinyaci zuwa gida, da Dala 25,000 na mayar da gawa, kuma kason da ke wuyansu kada ya wuce Dala 500 a kowane ciwo ko hatsari. Ofisoshin jakadancin Sifaniya kuma sukan buƙaci masu neman bizar dogon zama su kawo inshorar da ba ta bar wa majinyaci wani ɓangare ya biya da kansa ba. Don haka ka karanta sharuɗɗan ofishin da za ka kai wa takardunka kafin ka zaɓi inshora mai araha, kada a mayar maka da su bayan ka biya kuɗin biza. Bizar Umra tana zuwa da inshorar dole wadda hukumomin Saudiyya suka haɗa da kuɗinta, amma wanda zai zarce Dubai ko Alƙahira bayan ibada ya sani cewa wannan inshora a cikin Saudiyya take aiki, ragowar tafiyar tana buƙatar wata takarda mai nata kason.

Zaɓen adadin da ya dace da kai

Kamfanoni da yawa suna da kason dole wanda ba a taɓa shi, sannan su ba mai saye damar ƙara wani a kai bisa son ransa don a rage masa kuɗin saye. Lissafin da ya kamata ka yi a nan shi ne ka ajiye abin da za ka rage a gefe ɗaya, abin da ka ƙara wa kanka a ɗaya gefen. A ce takarda ta farko Naira 40,000 ce da kason Dala 50, ta biyu kuma Naira 28,000 da kason Dala 250. Idan ka zaɓi ta biyu ka tsira da Naira 12,000, amma ka ɗauki ƙarin Dala 200 a duk lokacin da wani abu ya faru, a kowane sashe, ga kowane mutum, idan haka yarjejeniyar ta tanada. Araha ba ta ado. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne kada kason ya wuce abin da za ka iya fitarwa nan take a ƙasar da za ka, da kuɗin can, ba tare da ka kira gida neman rance ba, sannan ka ninka shi da yawan mutanen da ke cikin takardar ka ga ko har yanzu kana iya ɗauka.

Wannan ba ya nufin babban kaso kuskure ne ga kowa. Saurayi mai ƙoshin lafiya da zai yi kwana biyar a taro, wanda kayansa ba su wuce jaka ɗaya ba, abin da yake tsoro shi ne hatsarin da zai kai shi ɗakin tiyata, kuma a irin wannan Dala 250 ba ta da yawa a gefen dubban da kamfani zai biya. Mai tafiya da ƙananan yara kuwa abin da ya fi yiwuwa ya same shi shi ne mura da gudawa da ciwon kunne, waɗanda kuɗinsu ba ya wuce 'yan ɗaruruwa, don haka ƙaramin kaso a sashen jinya ya fi masa amfani ko da na sashen kaya ya yi yawa. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga sau da dama a shekara da takarda guda ta shekara su tuna cewa a mafi yawan yarjejeniyoyi kason yana dawowa sabo a kowace buƙatar diyya, biyansa a tafiyar farko ba ya ɗauke shi a ta biyu. Su kuma sani cewa sashen kaya na inshorar tafiya yawanci kayan amfanin kai yake nufi, hajar da aka saro don sayarwa ba ta ciki, tana buƙatar inshorar jigilar kaya ta daban.

Akwai kamfanonin da ke sayar da ƙarin sharaɗi wanda yake ɗauke kason gaba ɗaya idan aka biya wani ɗan kuɗi a sama. Ga iyali mai mutum biyar wannan yakan biya kansa a buƙata ɗaya. Sai dai a karanta shi da kyau, domin sau da yawa ba ya shafar kason musamman da aka ɗora saboda shekaru ko saboda wani ciwo da aka bayyana. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko sikila wajibi ne ya faɗa lokacin saye, kamfani kuma yana iya ƙara masa kuɗi, ko ya ɗaga kasonsa a kan wannan ciwo kaɗai, ko ya cire ciwon daga yarjejeniyar. Duk wanda ya faru a cikin ukun ya fi ɓoyewa, domin idan bincike ya nuna an ɓoye ciwo kamfani yana iya ƙin biyan komai. Waɗanda kuma neman magani ne ainihin dalilin tafiyarsu zuwa Masar ko Indiya, inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta biyan jinyar da aka tafi dominta, maganar kaso ma ba ta taso ba. Mazauna Birtaniya da ke ziyartar ƙasashen Tarayyar Turai suna da wata dama, wato kamfanoni da yawa a can suna yafe kason jinya idan matafiyi ya yi amfani da katinsa na GHIC, wato katin inshorar lafiya da Birtaniya take ba mazaunanta masu tafiya waje, a asibitin gwamnati har kuɗin ya ragu.

Duk waɗannan tambayoyi a gida ake yin su, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da abin ya faru

Idan ciwo ne, ka fara kiran lambar agajin gaggawa da ke jikin takardarka kafin ka je asibiti, ko da zarar hali ya yi idan abin na gaggawa ne, ka karɓi lambar fayil ka rubuta ta. Idan ganin likita ne a sallame ka, galibi kai za ka biya duka, daga baya ka aika rasit, kamfani ya cire kasonka ya turo ragowar. Idan kwantar da kai za a yi, kamfani yakan aika wa asibiti takardar alkawarin biya, kai kuma a nemi ka biya kasonka a wurin ko a bi ka shi daga baya. Wannan ne ya sa ake son adadin ya zama wanda yake hannunka a lokacin.

Kada ka yar da rasit don kawai kuɗinsa bai kai kason ba. Mutum yana iya ganin likita ranar Litinin a kan Dala 60, ciwon ya ƙi sauka, ya koma ranar Alhamis a yi masa gwaje-gwaje na Dala 190. Idan yarjejeniyar tana cire kaso a kan kowane ciwo, to rasit biyun buƙata ɗaya ce ta Dala 250 kuma sau ɗaya za a cire. Ka tabbata likita ya rubuta cewa zuwan na biyu ci gaban na farko ne, ka kuma shigar da su ƙarƙashin lambar fayil guda, in ba haka ba ana iya ɗaukar su a matsayin al'amura biyu. Idan sata ce, yawancin kamfanoni suna son rahoton 'yan sanda da aka yi cikin awa 24, kuma ya kamata rahoton ya lissafa duk abin da ke cikin jakar a matsayin sata guda, domin shi ne hujjarka idan yarjejeniyar ta ce kaso ɗaya ga al'amari ɗaya.

Idan kaya ne suka ɓace ko suka lalace a hannun kamfanin jirgin sama, akwai hanyar da kason inshora bai shafe ta ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya take cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan fasinja a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa har zuwa wata iyaka, wadda tun ranar 28 ga Disamba, 2024 ta koma 1,519 na ma'aunin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin Dala 2,000 ke nan ga kowane fasinja. Kafin ka bar zauren ɗaukar kaya ka je teburin kamfanin a cika maka takardar rahoton ɓatan kaya da ake kira PIR, ka riƙe ta tare da ɗan tikitin akwati da aka manna maka a bayan takardar shiga jirgi. Ƙorafin lalacewa a rubuce ake yin sa cikin kwana 7 da karɓar kayan, na jinkiri kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka su, sannan akwatin da ya shafe kwana 21 bai iso ba ana ɗaukarsa ya ɓata. Kamfanin jirgi ba ya cire kason inshorarka daga abin da zai biya, kuma kamfanin inshora zai tambaye ka abin da ka samu daga can ya debe shi daga nasa lissafin, saboda haka da kamfanin jirgin ake farawa.

Mai niyyar hayar mota a ƙasar waje ya lura cewa kason da ke cikin yarjejeniyar hayar wani abu ne daban, ya fi na inshorar tafiya girma nesa ba kusa ba, kuma kamfanin haya yakan riƙe adadinsa a katin banki har sai an dawo da motar lafiya. Inshorar tafiya ba ta biyansa sai idan an rubuta hakan ƙarara a matsayin sashe mai zaman kansa.

Idan diyya ta iso ka ga ta gaza abin da ka lissafa, ka nemi kamfanin ya ba ka bayanin lissafin a rubuce, layi bayan layi: nawa aka rage saboda tsufan kaya, nawa iyaka ta yanke, sau nawa aka cire kaso kuma bisa wane sakin layi na yarjejeniyar. Ka gwada shi da jadawalin da aka ba ka ranar saye, domin wanda yake aiki a kanka shi ne na ranar da ka saya, ko da kamfanin ya sauya sharuɗɗansa daga baya. Idan ka ga an cire fiye da yadda aka rubuta, ka fara shigar da ƙorafi a sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin, ka haɗa da kwafin takardar shaida da rasit da amsoshin da aka ba ka kafin saye. Idan ba a warware ba, a Najeriya sai ka kai wa NAICOM, a Gana hukumar inshora ta ƙasa, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma, waɗanda ke bin dokar inshora ta bai ɗaya ta CIMA (ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka), sashen kula da harkokin inshora na ma'aikatar kuɗi. Wanda ya sayi takardarsa a Birtaniya yana iya kai ƙara ofishin Financial Ombudsman Service, mai sasanta ƙorafe-ƙorafen harkokin kuɗi, kyauta idan kamfani ya ba da amsar ƙarshe da ba ta gamsar da shi ba, ko ya shafe mako takwas bai amsa ba.